Fijon Abba da take mutuwa a Giwa: labarin tankin da ya kasa numfashi

Asalin motar (1982 zuwa 2024)

Motar da zan ba da labarinta Peugeot 504 ce salun, ta 1982, haɗin Kaduna, irin wadda duk wanda ya taso a Arewa ya san ƙarar ƙofarta ko idonsa a rufe yake. Mu dai Fijo muke ce mata. A Faransa aka fara fito da 504 a 1968, a 1969 ta zama motar shekara ta Turai, masana'antar Kakuri a Kaduna kuma ta fara haɗa Peugeot a 1975, aka yi ta haɗa 504 a can har tsakiyar shekarun 2000, lokacin su can Turai sun daɗe da daina ta. Shi yasa har yanzu in ka leƙa tsofaffin gidaje a Zariya ko Kano ko Katsina sai ka ga ɗaya a zaune ƙarƙashin rumfa an lulluɓe ta da tamfol.

Tamu ta mahaifinmu ce, Allah Ya jiƙansa. Injin lita biyu ne, 1971 cc, kafireta (inda mai ke gauraya da iska kafin ya shiga inji), giya huɗu, famfon mai irin na jikin inji wanda injin ne da kansa yake kaɗa shi, tanki kuma a baya, littafin motar ya ce lita 56 yake ci. Abba ya rasu a 2019, motar ta zauna a bayan gida kusa da bishiyar darbejiya shekara biyar ba wanda ya taɓa ta, damina biyar ta wuce a kanta. Mai matsalar a wannan labarin yayana ne, malamin makaranta ne a Zariya, shi ya ce ba za a sayar da ita wa 'yan gwangwan ba, zai tayar da ita ya ci gaba da shiga. Ni kuma ni nake riƙe masa littafin da muke rubuta duk abin da aka yi mata, kwanan wata da lita da kilomita, shi ne ma yasa nake iya kawo lissafin nan daki-daki.

Nuwamba 2024: tayar da ita, da sabon murfi

Aikin farko bai ba da wahala ba. Sabon batir, aka zubar da baƙin mai aka zuba sabo, aka canja tayu, aka wanke lagireto, aka zuƙe tsohon fetur ɗin da ya koma ja yana wari kamar fenti, aka kwance kafireta aka wanke. Rana ta uku ta tashi, silo ɗinta lafiya lau.

Akwai abu ɗaya ƙarami da aka yi ranar 23 ga Nuwamba, na rubuta shi a littafi ban ɗauke shi komai ba. Murfin tankin na asali robarsa ta bushe ta tsattsage, in ka girgiza shi yana rawa a bakin tanki, kuma in an sha kwana ana jin warin fetur. Yaya ya tsaya wani shagon kayan gyara ya sayo sabon murfi mai makulli, robarsa baƙa wuluk mai kauri, yana zama daram, mai shagon ya ce ko digo ba zai fita ba. Warin ya ɗauke, kowa ya ji daɗi.

Daga nan har ƙarshen Disamba motar ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Sai dai a lura da yadda ake shigarta a lokacin. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 ba kowa ke cika tanki ba, a ƙarshen 2024 lita ta kai wajen naira dubu, don haka Yaya lita 8 ko 10 yake zubawa, ya je makaranta ya dawo, ya je kasuwar Sabon Gari, tafiya mafi tsawo ba ta wuce kilomita 12 ba, bayan kwana uku a sake buɗe murfi a gidan mai.

11 ga Janairu 2025: mutuwar farko

Ɗaurin aure ne a Funtua. Yaya ya ce tun da tafiya ce ta mutunci bari a cika tanki kar a tsaya neman mai a hanya, aka zuba lita 44 a kan ɗan abin da ke ciki, har sai da mai gidan man ya ga ya taso wuya. Mun fita da sanyin safiya, hunturu ne sosai, hazo ya rufe gari, mu biyar a ciki.

Mun wuce Samaru, mun wuce Shika, tana tafiya sumul a kan 90. Muna dab da Giwa, mita ta nuna kilomita 29 daga gidan mai, sai ta fara fizga kamar ana riƙe ta ta baya, Yaya ya taka totur ta ƙi amsawa, ta yi tari biyu uku ta mutu, muka gangara gefen titi. An yi ta ba ta ki, sitata na juyawa da ƙarfi amma ba ta kamawa.

Wani makanikin bakin hanya ya zo a kan mashin. Ya buɗe bonet, ya cire tiyon da ke kawo mai daga tanki zuwa famfo, ya ga ba ya digo, ya sa baki ya hura da iya ƙarfinsa, muka ji ɓulɓul-ɓulɓul daga baya cikin tanki. Ya mayar da tiyo, ya ɗiga fetur kaɗan a bakin kafireta, aka ba ta ki sai ga ta ta tashi garau. Ya ce "Malam ai datti ne a tankinka, motar da ta daɗe a ajiye haka take, na hure shi ya koma baya." Magana ce da ta shiga hankali, aka sallame shi muka tafi. Kafin mu kai Funtua ta sake yi sau ɗaya, wannan karon bayan wajen kilomita 38, Yaya da kansa ya cire tiyon ya hura, ta tashi. Dawowa da la'asar, rana ta buɗe, ba ta mutu ba ko sau ɗaya sai ɗan fizga da ta yi wajen Shika.

Fabrairu zuwa Maris: abin da aka canja

Makanikin unguwa da Yaya yake zuwa wajensa yaro ne mai ƙoƙari, amma yawancin aikinsa a kan motocin yanzu ne masu kwamfuta. Ya yarda da batun datti. Ranar 1 ga Fabrairu aka sauke tanki, aka wanke shi, gaskiya an samu tsatsa da wani laka ja-ja a ƙasa, cikin kofin shayi bai cika ba. Aka busar aka mayar, aka haɗa duk tiyoyin yadda aka same su, aka sa sabuwar filta mai garai-garai kafin famfo. Sati biyu cikin gari lafiya.

15 ga Fabrairu, tafiya Kaduna, tanki a cike, fita da safe. Ta mutu a kilomita 31. Filtar nan da ake ganin cikinta ba datti ko ɗaya, sai dai kusan babu mai a ciki, kumfa kawai. Makaniki ya ce to famfo ne ya gaji, fatar cikinsa ta shekara arba'in tana aiki. Aka sayo sabon famfo aka ɗaura, ta tashi nan take.

Sai ta sake yi a hanyar Kano ranar 22, a kilomita 27. Yanzu kuma aka koma zargin wuta, aka ce kwayil ne, wato abin da ke tura wa filogi wuta, in ya yi zafi yake yankewa in ya huce ya dawo, wanda dama akwai irin wannan cutar a tsofaffin motoci kuma alamarta kusan iri ɗaya ce. Aka canja kwayil, aka canja kwantak da kwandansa, filogi huɗu, har da wayoyinsu. Na tuna ranar nan Yaya ya tsaya yana kallon tsofaffin kayan da aka tara a kwali, ya ce mini "ƙanina, kayan nan fa Abba ne ya sa su da hannunsa, kuma ban ga wanda ya mutu a cikinsu ba." Ya sa su a but bai yarda an zubar ba.

Azumi ya kama 1 ga Maris, ba a yi wata doguwar tafiya ba, motar ta koma zirga-zirgar cikin gari da lita goma-goma, shiru kake ji, har muka ɗauka kwayil ɗin ne. Da ƙaramar Sallah ranar 30 ga Maris aka je gaisuwa Funtua da rabin tanki da tsakar rana, ta je ta dawo ba ta mutu ba. Wannan ya ƙara tabbatar mana cewa an gama.

Afrilu: zafi ya zo da wata sabuwa

Duk wanda ya san Afrilun Zariya ya san rana ba ta wasa, da azahar ƙarfen mota ba ya taɓuwa. Matsalar sai ta juya fuska. Yaya zai ajiye motar a filin makaranta cikin rana tun ƙarfe takwas, in an tashi ƙarfe biyu ya zo ya ba ta ki sai ta ƙi kamawa, sai ya danne totur ƙasa ya daɗe yana juyawa sannan ta tashi da baƙin hayaƙi tana warin ɗanyen mai. A da mai ne ba ya zuwa, yanzu kuma yawa yake yi. Cikin but ma wari ya dawo, da aka duba sai aka ga wajen da gejin mai yake shiga tanki ya jiƙe, ƙura ta manne a wurin ta yi baƙi.

Ranar 12 ga Afrilu a gidan mai, yaron da ke zuba mai ya buɗe murfin sai ya yi wani fuuu mai ƙarfi har da feshin mai a hannunsa, ya ja da baya. Ya ce "Alhaji tankinka yana da gas." Muka ce zafi ne. Na rubuta a littafi, muka wuce.

Makaniki ya kwance kafireta karo na biyu, ya canja allurar da ke tsayar da mai in kofin cikin kafireta ya cika, ya rage tsayin fulot, wato ɗan abin da ke yawo a kan mai yana tura allurar. Ƙin tashin ya ragu kaɗan bai daina ba, Yaya ya koma neman inuwa yana ajiye ta ƙarƙashin mangwaro, a nan ne ya samu sauƙi.

Mayu: famfon lantarki da ƙarar da aka ji a ƙasan but

3 ga Mayu ta sake mutuwa a hanyar Kaduna, cikakken tanki, fitar asuba, kilomita 34. A nan makaniki ya ce shi dai abin da ya rage masa ɗaya ne, a rabu da famfon inji a sa na lantarki kusa da tanki wanda zai turo mai da ƙarfi, mutane da yawa sun yi haka a tsofaffin motoci. Aka samo na tokumbo, aka ɗaura shi a ƙasa, aka ja masa waya kai tsaye daga makulli.

Ranar 17 ga Mayu aka gwada. Zuwa Kaduna ba a cika ba, ta je lafiya. Dawowa Yaya ya cika tanki a Kawo da yamma, gari ya yi zafi hadari na haɗuwa. Mun wuce Maraban Jos, mun wuce Birnin Yero, ta wuce kilomita talatin ɗin da ta saba mutuwa ba ta ce uffan ba, har Yaya ya fara hamdala. Wajen Jaji ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, tayu na watsa ruwan sanyi a ƙasan mota. Ba a yi minti goma ba muka ji ɓam daga baya, irin ƙarar da durom yake yi in an danne shi, na ɗauka dutse ne ya doki ƙasa. Famfon ya canja murya ya koma kuka siriri, motar ta fara fizga, muka lallaɓa a giya uku da kyar, tana mutuwa ana hurawa, sai bayan isha muka shiga gida.

Washegari na kwanta a ƙasa na leƙa. Ƙasan tankin da yake a shafe ya lotsa ya shige ciki, kamar wani ƙato ya sa gwiwa ya danna shi sama, kuma babu ko ƙwarzane a jikin fentin da zai nuna wani abu ne ya buge shi. Allurar geji ta maƙale a rabi ba ta motsi.

24 ga Mayu: gwajin tsohon makaniki

Wani abokin Abba ne ya ce a kai ta wajen wani dattijo da ya yi zamaninsa yana gyara 504 na haya, lokacin da su ne ke jigilar Kano zuwa Kaduna zuwa Jos. Yanzu ba ya kwanciya ƙarƙashin mota, yana zaune a benci yaransa na aiki. Bai buɗe bonet ba. Ya ce a karanto masa littafin, na karanta tun daga Nuwamba, yana ji yana jan carbi. Da na gama ya yi tambaya uku: in ta mutu tankin a cike yake ko ƙasa, da safe ne ko da rana, kuma me aka canja a bayan motar kafin a fara. Na duba na ce duk mutuwar da ta yi tanki a cike yake, kusan duka da sanyi, a baya kuma murfi kawai aka canja. Ya ce "to ku je ku cika ta ku dawo."

Lita 38 kawai ta ɗauka ta cika, alhali da lissafinmu ya kamata ta ci wajen 44, lotsawar ta cinye wurin lita shida.

Ya sa yaro ya cire tiyo daga bakin kafireta ya zura a jarka mai ma'auni, aka kashe duk wata wuta a kusa, murfi a rufe gam, aka kunna famfon ni kuma ina duba agogo. Litar farko daƙiƙa 52. Ta biyu minti ɗaya da daƙiƙa 35. Ta uku ba ta cika ba, ya koma zirara kamar zare yana haɗawa da kumfa. Sai dattijon ya taso da kansa, ya yago ɗan siririn leda ya riƙe kusa da bakin tanki, ya ce wa Yaya "Malam murɗa a hankali." Ana murɗawa muka ji shuuu mai tsawo, ledar ta manne a bakin murfin tana neman shigewa ciki, tankin ya yi ƙas-ƙas yana sakin jiki, man da ke zirara a jarka ya dawo da ƙarfinsa kamar an buɗe famfon ruwa.

Yaya ya ce "Baba, kenan murfin ne?" Ya ce "murfinka lafiyarsa ƙalau, aikinsa yake yi. Ka taɓa ganin mai shayi ya huda gwangwanin madara huda ɗaya? Biyu yake yi, ɗaya madara ta fita, ɗaya iska ta shiga. Motar nan tana da huda ta biyu, mu nemo ta."

A jikin tankin motar nan, ban da babban wuyan da ake zuba mai da tiyon da ke kai mai gaba, akwai ɗan siririn tiyo da ya fito daga sama, ya hau ta cikin fuka-fukin baya ya lanƙwaso ya kalli ƙasa, shi makanikai ke ce wa birida. Yaron ya cire shi daga jikin tanki ya hura, kumatunsa suka kumbura, ko kaɗan iska ba ta wuce ba. Aka zaro shi gaba ɗaya, dattijon ya tsaga ƙarshensa da reza. Jar ƙasa ce a ciki ta bushe ta yi tauri kamar bulo, tsawonta ya kai santimita 4, ɗaki-ɗaki, da aka farfasa sai ga busassun tsutsotsi a ciki. Gidan zanzaro ne. A cikin shekaru biyar ɗin da motar ta yi ƙarƙashin darbejiya ya samu rami daidai jikinsa ya yi gini ya liƙe ƙofa.

Ƙarshen Mayu zuwa 4 ga Yuni: gyaran

Kafin a samu kaya Yaya ya yi kwana huɗu yana yawo da murfi a sassauce. Ba ta mutu ba, amma duk kwanar da aka sha sai mai ya tofo ya gangaro a jikin fenti, wari har cikin mota. Wani ya ba da shawara a huda murfin da ƙusa a huta, wani ya ce a sa bawul mai barin iska ta shiga kawai. Dattijon ya ƙi duka biyun. Ya ce huda a murfi ƙofar ƙura ce da ruwan sama, kuma in mota ta kife ta nan mai zai zubo, shi kuma bawul mai hanya ɗaya zai magance mutuwar hanya ya bar ta da kumburin rana.

Aka sauke tanki. Wannan wajen na ga tsananin da ban taɓa gani ba a gareji, ya kori mai walda daga kusa, ya hana kowa kunna sigari, ya ce tankin da ba mai a ciki ya fi cikakke haɗari don tururin ne ke kamawa, kuma tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya bi rami. An juye man a jarkoki, an ɗauraye da ruwa da omo sau uku, aka cire geji, ta wannan ƙofar fanalbita ya zura sandar icce mai mulmulallen kai ya yi ta tura lotsawar a hankali har ta koma kusan daidai. Ba wuta, ba guduma. Hannun fulot ɗin geji da ya lanƙwashe aka miƙe shi, aka sa sabuwar roba a bakinsa, aka shanya tankin kwana biyu.

Birida kuma aka sa sabon tiyo na fetur na gaske mai faɗin milimita 6 a ciki, ba irin farin tiyon lebur na magina ba wanda fetur ke busarwa ya karye. Aka hau da shi sama ya wuce tsayin wuyan tanki, aka yi masa lanƙwasa sannan ya sauko ya kalli ƙasa a waje, ba cikin but ba, kuma nesa da salansa. A bakinsa aka ɗaura ƙaramar filtar mai irin ta mashin, iska na wucewa ta kowane ɓangare amma zanzaro da ƙura ba su da hanya. Aka cire famfon lantarki, aka mayar da na inji, dattijon ya ce a ɗauko tsohon na Abba daga kwali ya gwada shi da hannu, yana tsotsa yana turawa lafiya lau, shi aka ɗaura. Sabon murfin mai makulli aka bar shi a wurinsa.

Aka maimaita gwaji ranar 4 ga Yuni, tanki a cike murfi a rufe, aka yi kilomita 60 a hanyar Funtua da dawowa, aka tsaya aka buɗe murfi da leda a kusa. Ko motsi ledar ba ta yi ba.

Abin da ya faru a zahiri, da inda nake ganin an yi kuskure

Duk litar man da ta bar tanki sai litar iska ta maye gurbinta. Shekara da shekaru motar nan tana shaƙa ta birida, da zanzaro ya toshe sai ta koma shaƙa ta tsattsagaggiyar robar tsohon murfi, shi yasa ta tashi lafiya a Nuwamba. Ranar da aka sa sabon murfi aka rufe hanya ta ƙarshe.

Dalilin da yasa sai tanki na cike take mutuwa lissafi ne mai sauƙi. In sararin iskar da ya rage a sama lita 5 ne aka zuƙe lita 2 na mai, iskar nan za ta bazu a wurin lita 7, ƙarfinta ya faɗi da kusan kashi 29 cikin 100, famfon inji kuma ba a yi shi don kokawa da irin wannan ba. Amma in lita 10 ce kawai a ciki, sarari lita 46, ka zuƙe lita 2 faɗuwar wajen kashi 4 ce kawai, famfo ba zai ma ji ba. Motar tana cin wajen lita ɗaya a kilomita 10, tankin yana ɗan lanƙwasawa, fetur yana ɗan tururi yana cike gurbi, shi ne ya kai abin wajen kilomita 30. Da rana tururin ya fi yawa sai ta ƙara nisa, da sanyin asuba kuma ta mutu da wuri. Tsadar mai da ta sa ake zuba lita goma-goma ita ta ɓoye cutar kusan wata biyu.

Afrilu kuwa cutar ɗaya ce ta juyo. Fetur yana fara tururi tun zafi bai kai digiri 40 ba, kuma shi kansa ruwan man yana kumbura, wajen lita ɗaya cikin dubu a kowane digiri, lita 50 in ta ƙara digiri 15 ta ƙaru da kusan kashi uku cikin huɗu na lita. Ba hanyar fita, sai ya bi ta famfo ya danne allurar kafireta ya cika inji da mai, saura ya tsattsafo ta robar geji. Lotsawar tanki kuma iskar duniya ce ta yi ta. Iska tana danna kowane santimita murabba'i da nauyin kusan kilo ɗaya, ba ma ji ne don ciki da waje sun yi daidai. In na ciki ya faɗi da kashi 20 kawai, faranti mai santimita 50 tsawo 50 faɗi yana ɗauke da kilo 500, buhun siminti goma. Famfon inji yana gajiya ya saki kafin a kai nan, wato mutuwar da take yi ita ke ceton tankin, famfon lantarki ya ƙi gajiya, ruwan Jaji ya sanyaya tururin ya koma ruwa lokaci guda, ƙarfe ya sallama.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda kowane gyara ya yi kama da nasara. Duk wanda ya cire tiyon mai, ko don hurawa ko don canja famfo ko filta, ya buɗe wa iska hanya ta koma tanki, motar ta tashi, a yaba wa sabon kayan. Ɓulɓul ɗin da muka ji a Giwa tun ranar farko tankin ne yake shaƙar iska, muka kira shi datti. Ban ga laifin makanikin unguwa sosai ba, motocin da ya koya a kai tankinsu ta wani gwangwani mai gawayi yake numfashi, tsarin da ya fara a Amurka wajen 1970 don hana tururin mai fita sarari, in ya toshe kwamfuta kan iya nunawa. Amma canja kaya biyar a jere ba tare da an gwada ko ɗaya an ga ya mutu ba, wannan kuskure ne, mu ma da muke biya muna da kaso a ciki don bayanan suna rubuce a hannuna tun Fabrairu ban jera su na duba ba. Wanke tanki ba tare da an hura kowane tiyo da ke jikinsa ba rabin aiki ne. Famfon lantarki da aka ja wa waya kai tsaye daga makulli kuwa shi ne mafi muni, don in aka yi hatsari inji ya mutu shi zai ci gaba da feso mai, kuma da iyali ake shiga motar nan.

Daga Yuni zuwa Disamba 2025

Ranar babbar Sallah, 6 ga Yuni, aka cika ta aka je Funtua da safe, ta wuce Giwa a kan 90 Yaya bai ce komai ba sai da muka ga gari sannan ya sauke numfashi ya yi wa Abba addu'a. Daga nan zuwa Disamba littafin ya nuna Kaduna sau biyar, Kano sau biyu, Funtua sau huɗu, yawanci da cikakken tanki, ba mutuwa ba fizga, ba ƙin tashi da rana. Tankin yana cin lita ɗaya zuwa biyu ƙasa da yadda yake a da don lotsawar ba ta fita duka ba, geji kuma yana ɗan nuna ƙasa da gaskiya in an kusa rabi.

A watan Oktoba da aka zo canja baƙin mai Yaya ya sa hannu ya ciro 'yar filtar bakin birida don ya hura ya gani. Iska na wucewa, amma a gefen bakinta akwai ɗan dunƙulen jar ƙasa ɗanye-ɗanye, zanzaro ya dawo ya fara gini ya ga ramin ba ya shiguwa ya bari. Ya kankare da farce ya mayar, na rubuta a littafi cewa a sake dubawa kafin zafi ya shigo a Maris.